Ranar da Na Rufe wa Motata Baki

Na sayi motar ina da shekara arba'in da 'yan kai, lokacin da ya kamata a ce hankali ya gama shiga jikina. Baƙa ce, mai ƙofa huɗu, ƙirar Jamus, cikinta na neman shafar ƙasa. Irin motocin nan ne da aka ƙera don gudu, aka sa musu kujerun baya don magidanci ya samu abin faɗa wa iyalinsa. Ta hannu ce, ta ƙetaro ruwa. Wanda ya fara mallakarta can ƙasarsu, ko wane ne shi, ya cire tukunyar salansarta ya sa mata wasu bututu biyu masu faɗin baki. Idan aka tayar da ita ba ta ihu irin na babur mai fasasshiyar salansa. Gurnani take yi can ƙasa-ƙasa, mai kauri, wanda mutum ke fara ji a ƙirjinsa kafin kunnensa ya ɗauka. Ranar da dillali ya murza makulli a gabana ban duba inji ba, ban duba taya ba, na ce na saya.

A shekarun nan aiki ya kai ni wata ƙaramar hukuma a wajen birni, sashen gona. Kullum in fita da safe in dawo da yamma. Hanyar ba ta da kyau, kuma ba ramuka nake nufi ba. Duk mutumin Katsina ya san abin da ake nufi idan aka ce hanya ba kyau. Mun koyi fita sai rana ta ɗaga, mu baro ofis da an sallame la'asar. Ba wanda ke tsayawa sayen kankana a bakin titi kamar da.

Duk da haka, idan na tuna dawowar nan ta yamma, ba tsoro nake fara tunawa ba. Damina nake tunawa. Gero ya yi kai a dama da hagu, iska na kwantar da shi tana tayarwa, rana ta yi laushi ta koma ruwan zuma. Nakan sauke gilashi in kashe rediyo in bar motar ta yi ta maganarta. Sautin yakan fita ta baya ya bazu cikin gonaki, sai in ga kamar ba ni ke tuƙi ba, shi ke ɗauke da ni. Wani lokaci in tsinci kaina a bakin gari ban san yadda aka yi na wuce ƙauyuka uku ba. Daga nan sai tsohuwar ganuwa, sai tsattsewa na shawagi a sama, sai hayaƙin masu tuyar ƙosai, sai in shigo ta Ƙofar Sauri in bi ta ƙofar gidanmu in wuce gidana.

Na ce in bi ta ƙofar gidanmu in wuce. Ba na tsayawa sai ranar Juma'a, kuma akwai dalili.

Ni ne ɗan fari wurin mahaifiyata. Tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu, irin riƙon da yanzu ba a cika gani ba. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, can na girma, a gida ɗaya da ita amma kamar ɗan maƙwabta. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Akwai wani mai sayar da itace da muke suna ɗaya, ta shekara talatin tana sayen itacensa, har ya rasu “mai itace” take ce masa. Ni kuwa “wancan” ne, ko “yayanku” idan tana magana da ƙannena. Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba kamar sauran. Da ta sauke farali sai na samu sauƙi, na shiga ce mata Hajiya.

Gaisuwar Juma'a kuwa ga yadda take. In yi sallama in durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. Kullum akwai abin da hannunta ke yi, tsince shinkafa ko zage zogale, kuma a kansa idonta yake. Ta amsa a taƙaice. Ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta tambayi uwarsu, har tunkiyar da muke kiwo takan tambaya. Ni ne kawai ba a tambaya. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, kowa ya gaya mini tun ina yaro. Amma sani daban, zuciya daban. Na kai shekara arba'in ina fita daga gidan nan ba a tambaye ni ba.

Ƙanwata, autarmu, malamar firamare ce, kuma tun da mijinta ya rasu ta dawo gida tana zaune tare da Hajiya. Ita ce waya tsakaninmu. Ban yi wata guda da sayen motar ba saƙo ya fara zuwa ta bakinta.

“Yaya, Hajiya ta ce motag ga taka ta hana kajinta sakewa.”

Wani makon kuma: “Ta ce in ka wuce har kwanonin jere ka motsi. Wai mutum da huruhura yana abin samari.”

Wata Juma'a tana raka ni zaure ta ce, “Ta ce shekaranjiya sai da aka kira magariba sannan ka zo da hayaniyarka, ka hana ta jin kiran salla.”

Na yi dariya na wuce. Yanzu idan na tuna saƙon nan na uku nakan ji kamar in mari kaina. Tsohuwar da ke riƙe da lokacin da na wuce ranar Laraba, har ta san na makara, me take gaya mini? Amma a lokacin kaji kawai na ji, da kwanoni.

Matata ta daɗe tana mita. Maƙwabcina ya taɓa tambayata, cikin ladabi, ko jirgin sama na saya. Duk ban kula ba. Maganar Hajiya ce, da aka shekara biyu ana aiko da ita, ta zauna mini. Na yi ta juya ta a raina har ta zama wani abu mai daɗi: tun da aka haife ni, wannan ne abu na farko da ta taɓa nema a wurina. Ko da ta hanyar faɗa ne, ko da ta bakin wani ne, ta dai nema. Na ƙudura zan yi mata, kuma ba zan gaya wa kowa ba, sai dai ta ji shiru da kanta.

Ranar wata Asabar na kai motar wurin wani mai walda a bayan Babbar Kasuwa, dattijo mai ƙone-ƙonen wuta a hannu, wanda aka ce duk garin ba wanda ya fi shi sanin salansa. Ya sa na hau da ita kan rami, ya shiga ƙarƙashi ya daɗe yana ƙwanƙwasa ƙarfe da ɗan guduma. Ya ce in taka totur. Na taka. Ya leƙo da kai daga ramin.

“Alhaji, ka tabbata cire ta za a yi? Samari na zuwa nan suna roƙo in yi masu irin wagga murya, ban iyawa. Wannan aikin can ne.”

“Cire ta, Malam. Tsohuwa ta yi magana.”

“To, in tsohuwa ce ba ja.”

Na zauna a benci ƙarƙashin dalbejiya ina kallo. Notocin sun yi tsatsa sun ƙi kwancewa, sai ya kunna wuta. Harshen wutar shuɗi ne siriri, yana bin ƙarfen a hankali, ƙarfen ya yi ja ya yi fari ya fara zuba. Warin kabaid ya cika wurin. Bututun farko ya faɗo cikin ramin, na biyu ya biyo shi. Ya jawo su waje ya jingina da bango, bakinsu baƙi ƙirin da hayaƙin ƙasashe biyu. Sannan ya ɗauko wata tukunyar salansa mai ƙiba da ya samo wurin masu kayan gyara na hannu, ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa, ya liƙe. Kafin azahar ya gama. Da na murza makulli sai da na duba allurar inji kafin na yarda motar ta tashi. Ya tambaye ni ko zan tafi da tsofaffin bututun, na ce me zan yi da su.

Ranar Litinin na dawo daga aiki cikin shiru. Gero na nan, rana na nan, amma hanyar ta yi mini tsawo, na ga kowane ƙauye da idona. Na shigo Ƙofar Sauri na wuce ƙofar gidanmu ba wanda ya ɗaga kai, har akuyar da ke kwance a bakin kwalbati ba ta motsa ba. Ina ta murmushi ni kaɗai. Na riga na tsara yadda Juma'a za ta kasance: ba za ta ce komai ba, na sani, amma wataƙila ta ce wa ƙanwata, ina ji, “Kwanan nan mun huta.” Da wannan ma na ƙoshi.

Ban kai Juma'ar ba. Ranar Alhamis da sassafe, ina shirin fita, sai ga ƙanwata a ƙofar gida da jakar makaranta a kafaɗa. Ba ta ko zauna ba.

“Yaya, mi ka yi wa motarka?”

Na faɗa mata, har da ɗan alfahari.

Ta dube ni irin duban da take yi wa yaron da ya faɗi jarrabawa mai sauƙi. Ta ce tun Litinin Hajiya ba ta ci abincin kirki ba. Da an yi la'asar sai ta ɗauki carbi ta fito tsakar gida ta zauna kusa da ƙofar zaure, wurin da ba ta saba zama ba, har a kira magariba. Ranar Talata Hajiya ta ce wa ƙanwata, “Hanyoyin ga lahiya kuwa kwanan ga?” Ita kuma ta ce lafiya lau, ba ta gane ba, don mun yi waya da rana ta san ina nan garau. Ranar Laraba Hajiya ta ce mata, “Ke ba ki zuwa ki gano yaran can?” Sai a nan ƙanwata ta farga. Ta ce mata, “Inna, Yaya lahiya lau yake, yana wucewa kullum.” Hajiya ta ce, “Wa ya tambaye ki?” Amma a daren ta ci tuwo.

“Ba ta iya tambaya, Yaya, kai ma ka sani. Ko waya ba ta iya cewa in kira ka. Motag ga ita ka gaya mata ka dawo. Faɗan da take yi, ta ina kuma za ta yi maganarka in ba ta nan ba?”

Na tsaya riƙe da makulli. Na yi gyaran gangar Auzinawa, kuma na yi shi ina jiran yabo. Kunya ta kama ni, amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani daɗi da ban san inda zan ajiye shi ba. Ashe kullum ana jirana.

Na ga abin mai sauƙi ne. Tun da mota ta yi shiru, ni zan zama motar. Daga ranar na fara tsayawa kowace yamma. In ajiye mota, in yi sallama, in durƙusa a bakin ƙofa. Na ɗauka na samo magani har da riba.

Mako biyu na yi ina haka. Da ta ji sallamata sai ta ja mayafi ta juya gefe, ta nemi abin da za ta sa hannunta a ciki. Ta tambayi yara, ta tambayi uwarsu, jiya ma ta tambaya, shekaranjiya ma haka. Kalmomin gaisuwar da suke isar mu mako guda, yanzu kullum muke jan su har suka fara tsinkewa. Tsakar gidan kan yi tsit. Idan ana hira na shigo, hirar ta mutu. Na lura har ƙanwata takan sauke numfashi idan na miƙe zan tafi.

Ranar da aka cika mako biyu ƙanwata ta biyo ni zaure, ta jingina da bango, ta ce akwai saƙo.

“Ta ce ka bar wahal da kanka. Ta ce ƙarar motar ta da ta hi.”

Na ji zafin maganar har cikin ƙashina. Na ce, “Ganina ne ba ta so.”

“Ba haka ba ne. Kai ba ka san abin da ka hwaruwa ba in ka wuce.” Ta rage murya. “Tun kana can wajen ganuwa take jiyo ka, mu ba mu ji komi ba. Sai ka ga ta aje abin da ka hannunta ta ɗaga kai. Huskarta duk ta saki, ta yi ta murmushi ita ɗai, bakinta na motsi. Har sai ka wuce ta daina jin ka, sannan ta ɗaure huska ta ce ga mai hayaniya can. Wallahi Yaya, ni ban taɓa ganin ta yi wa ɗayanmu wagga huska ba. To in kana gabanta ina za ta yi ta?”

Na shiga mota na zauna ban tayar ba. Yara na wasan ƙwallo a kan layi, wata mata ta wuce da tallar fura, hadari na haɗuwa ta gabas. Akwai wata fuska ta mahaifiyata wadda tawa ce ni kaɗai, kuma duk duniya ni ne ba zan taɓa ganinta ba, don da na bayyana take ɓacewa. Na yi ƙoƙarin zana ta a raina na kasa. Sai na ga cewa da na yi shiru na hana ta cin abinci, da na zo da ƙafata kuma na ƙwace mata abin da ya rage.

Asabar na koma bayan Babbar Kasuwa. Mai walda ya saurare ni har na gama, bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya ce bututun kuwa 'yan gwangwan sun kwashe tun wancan mako, yanzu ko an narke su ko suna hanyar Kano.

“Amma zamna, Alhaji. Yi mani muryar in ji.”

Na ɗauka wasa yake. Ba wasa ba ne. Na dubi hagu da dama, na rufe baki na yi gurnani daga ƙirji. Ya karkata kai ya lumshe ido, ya ce a'a, ya tuna ta fi haka zurfi, ya yi nasa. Na ce nasa ya yi kauri da yawa a ƙarshe. Haka muka zauna a benci, dattawa biyu, muna yi wa juna kukan mota, masu wucewa na waiwaye. Abin mamaki shi ne na shekara biyu ina jin sautin nan kullum, amma da na nemi kamo shi sai ya yi ta zillewa, irin yadda mafarki ke yi wa mutum da hantsi.

Ya cire tukunyar da ya sa. Ya samo bututu mai faɗi ya lanƙwasa, muka gwada: ihu kawai, irin na 'yan acaba. Ya yanke. Ya farke wata ƙaramar tukunya ya zare rabin abin da ke cikinta ya mayar ya liƙe, muka gwada: ta yi kusa, amma tana da wata 'yar rawa kamar mai mura. Ya huda nan, ya toshe can, ya ƙara tsawon bakin da ɗan yatsa biyu. La'asar ta yi, muka yi salla a gefen ramin muka koma. A gwaji na huɗu ya ajiye abin waldar ya share gumi da hularsa.

“Iyakata ke nan. Ba ita ce ba, ban yi maka ƙarya. 'Yar'uwatta ce dai.”

Ni ma na ji ba ita ba ce. Wannan ta fi kaushi, kuma idan na ɗaga ƙafa takan yi wani ɗan tari wanda waccan ba ta yi. Duk ranar Lahadi na yini da tunani ɗaya: idan ba ta gane ba fa? Garin cike yake da samari masu fasa salansa. Idan ta ji ta ɗauka wani ne, to na rufe ƙofar nan ke nan da hannuna, kuma ba mai walda da zai iya buɗe ta.

Litinin na baro ofis da an sallame la'asar. An yi ruwa da rana, titi na sheƙi, ƙamshin ƙasa ya cika motar. Gero ya fara nuna. Ban ji daɗin hanyar ba kuma ban ji tsoronta ba, kunnena na baya, wurin baƙuwar muryar nan da ke bina. Na hango ganuwa. Na shigo Ƙofar Sauri. Da na zo saitin gidanmu sai da na riƙe wuyana da ƙarfi don kada in waiwaya. Ƙofar zaure a buɗe take, labulen buhu na kaɗawa. Na wuce.

Ban iya ƙarasawa gida ba. Na samu gindin wata bishiya can gaba na tsaya, na ɗora wayata a cinya. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Ruwan da ya maƙale a ganye na ɗiga a kan gilashi ɗaya-ɗaya. Sai wayar ta yi ƙara, ƙanwata ce, tana magana ƙasa-ƙasa, da alama daga zaure.

Ta ce Hajiya na tsince wake lokacin da sautin ya taso. Ta tsayar da hannu. Ta daɗe kanta a karkace, goshinta a tattare, har na zo na wuce, har sautin ya yi nisa ya ɓace.

“Sannan ta ce mi?” na tambaya.

“Ba da ni take ba, da waken take. Ta ce, ‘Muryar ta canza, amma ƙahwar tashi ce.’”

“Fuskar fa?”

Na ji ƙanwata tana jan hanci.

“Tana nan, Yaya. Har yanzu ba ta ɗaure ba.”